4,294,967,297, lambar da ta yaudari Fermat

In za ka faɗi wannan lamba da baki sai ka ja numfashi: biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Da mutum zai zauna ya ƙirga daga ɗaya, kowane sakan lamba guda, ba barci ba hutu, sai ya shekara 136 da ɗoriya kafin ya iso gare ta. Duk da haka, a wurin masu lissafi ba wata babba ba ce. Alƙaluma goma ne kacal, tana shiga fuskar ƙaramar kalkuleta. Ni abin da ya haɗa ni da ita shi ne yadda aka gina ta, da yadda ta yi shekara casa'in da wani abu ana ɗaukarta abin da ba ita ba.

Ina da ɗabi'ar in na ga doguwar lamba sai na jawo takarda da biro. A yanzu akwai shafuka a intanet da za ka zuba musu kowace lamba su jero maka siffofinta: mara ce ko cika, me ke raba ta, nawa ne jimillar alƙalumanta, yaya ake rubuta ta a tsarin kwamfuta, da sauransu. Ina amfani da su, kuma suna da daɗi. Abin da ke damuna da su guda ne: komai a layi ɗaya suke sa shi, da abin da ke da nauyi da wanda ba shi da shi. Mai karatu sai ya fita da dogon jeri bai san wanne ne halin lambar na asali ba, wanne ne kuma ya same ta kawai don mun saba ƙirga da goma-goma. Shi ya sa nake so mu bi wannan lambar a hankali.

A fara da abin da ido ke gani. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. In ka tara alƙalumanta za ka sami 59, wato in ka raba ta da 3 saura 2, in ka raba da 9 saura 5. Da 7 saura 5, da 11 ma saura 5, da 13 saura 10. Kana iya ci gaba da 17, da 19, da 23, har hannunka ya gaji, ba wadda za ta shiga daidai. Lambobin da ake kira firam, wato waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu, guda 115 na farko duk za ka gwada su ka tashi a banza. Duk wanda ya yi wannan wahala da hannu, zuciyarsa za ta fara raya masa cewa ita ma firam ce. Kuma in yana son ya tabbata ta wannan hanya, dole ya gwada duk firam ɗin da ke ƙasa da 65,536, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ka iso dab da tamu, su kuwa 6,542 ne.

Asalin lambar shi ne wannan: ka jera biyu guda 32 ka ninka su da juna, ka ƙara ɗaya. A rubuce 2^32 + 1. Kuma ita kanta 32 ɗin biyu ce guda biyar aka ninka. Wannan ba ado ba ne, akwai dalili. In kana neman firam a cikin lambobi masu siffar 2^n + 1, da wuri za ka lura yawancinsu na fashewa. 2^3 + 1 tara ce, uku sau uku. 2^5 + 1 ita ce 33. 2^6 + 1 ita ce 65, biyar sau sha uku. 2^12 + 1 ita ce 4,097, wato 17 sau 241. Ƙa'idar ita ce, muddin akwai wata mara da ta wuce 1 da ke raba n, to lambar ta rabu. Waɗanda suka tsira su ne masu n na 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, haka dai ana ta ninkawa. Ga abin da biyar na farko suka bayar: 3, 5, 17, 257, 65,537. Dukkansu firam ne, ba ko tantama. Ta shida a layin ita ce tamu. Da yake daga sifili ake fara ƙirga su, sunanta a littattafai F5.

F ɗin nan na Pierre de Fermat ne, Bafaranshe, masanin shari'a a birnin Toulouse, wanda lissafi a wurinsa abin sha'awa ne da yake yi bayan aiki, yana musayar wasiƙu da abokai. A 1640 ya rubuta wa Frénicle de Bessy cewa ya yi imani duk lambobin wannan layi firam ne. A 1654 ya sake maimaita zancen ga Blaise Pascal. Abin da ke burge ni da shi a nan, ya faɗa a fili cewa cikakkiyar hujja ba ta zo hannunsa ba, yana dai ji a jikinsa gaskiya ne. Ya rasu a 1665 ba wanda ya ƙaryata shi.

Mutane kan ba da labarin nan kamar Fermat ya ga biyar sun yi daidai sai kawai ya yanke hukunci. Ni ban yarda da wannan karatun ba, domin lambar na da wata siffa da za ta ruɗi kowa. Fermat ɗin dai shi ne ya gano, a wannan shekara ta 1640, cewa in p firam ce, ka ɗauki wata lamba da p ba ta raba ta, ka ninka ta da kanta har guda p − 1, ka raba da p, saura kullum 1 ne. Misali da 7: biyu guda shida a ninke 64 ne, 64 kuwa tara sau bakwai ne da saura 1. Wannan ya zama gwaji: lambar da ta kasa ba da saura 1, tabbas ba firam ba ce. To a gwada tamu da 2. Tun da ita 2^32 + 1 ce, 2^32 ya gaza ta da ɗaya tak. In ka ninka shi da kansa ka sami 2^64, saura zai zama 1. Daga nan duk bayan taki 64 sauran na komowa 1, kuma 4,294,967,296 na rabuwa da 64 daidai. Ke nan ta ci gwajin sumul, kamar kowace firam ta gaskiya. Sai dai kama da wane ba ta wane. Gwajin na iya kama mai laifi, amma ba ya wanke kowa. Da 3 aka gwada a maimakon 2, da asiri ya tonu: a ninka 3 da kanta, a ɗauki saura, a sake ninka sauran da kansa, haka har sau 32, abin da zai fito a ƙarshe 3,029,026,160 ne, ba 1 ba. Aiki ne mai cin rai da hannu, ninka alƙaluma goma da goma sau talatin da wani abu, amma ba abin da ya fi ƙarfin mai haƙuri ba ne.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Leonhard Euler, ɗan birnin Basel da ke aiki a St Petersburg ta Rasha. A ƙarshen 1729 Christian Goldbach ya ambata masa zancen Fermat a wasiƙa, a 1732 kuma, yana ɗan shekara 25, ya nuna cewa

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417.

Gani ya kori ji, don haka ina roƙon mai karatu ya yi rabawar nan da hannunsa, ba ta kai minti uku ba. 641 cikin 4,294 sau 6 ne, wato 3,846, saura 448. Sauko da 9 ya zama 4,489. Sau 7 ya ba da 4,487, saura 2. Sauko da 6 ya zama 26, bai isa ba, sa sifili. Sauko da 7 ya zama 267, har yanzu bai isa ba, sa wani sifilin. Sauko da 2 ya zama 2,672. Sau 4 ya ba da 2,564, saura 108. Sauko da 9 ya zama 1,089. Sau 1, saura 448. Sauko da 7 na ƙarshe ya zama 4,487, wanda ka riga ka gani ɗazu, bakwai sau 641 cif. Saura babu. Duk sanda na zo wannan layi na ƙarshe na ga 4,487 ta dawo, sai na ji wani daɗi ya ratsa ni, ko da na san abin da zai fito.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda aka yi Euler ya san inda zai duba. Ba bin firam ɗaya bayan ɗaya ya yi ba. Ya lura cewa in kana ninka biyu-biyu kana ɗaukar saura, sauran na zagayawa ne kamar hannun agogo. Gwada da 17: 2, 4, 8, 16, sai 32 da ke barin 15, sai 13, sai 9, sai 1, daga nan a koma farko. Zagayen taki takwas ne, kuma takwas na raba 16, wato 17 ban da ɗaya. Wannan ba dace ba ne, ƙa'idar Fermat ɗin nan ce ta tilasta: tsawon zagaye dole ya raba p − 1. To a ce wata firam p na raba 2^32 + 1. A taki na 32 sauran bai zama 1 ba, ya tsaya a p − 1. A taki na 64 ne ya zama 1. Tsawon zagayen dole ya raba 64, kuma ba zai raba 32 ba, saboda haka 64 ne cif. Ke nan p − 1 dole ta rabu da 64. Duk wata firam da za ta raba lambar nan, sai ta kasance 64 sau wani abu, da ɗaya.

Duba yadda aikin ya ragu. Masu wannan siffa su ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. A zubar da waɗanda ba firam ba, saura 193, 257, 449, 577, 641. A gwaji na biyar an gama. Daga baya, a 1878, Édouard Lucas ya ƙara matse ƙa'idar, ya nuna 128 ma za a iya sawa a madadin 64. Da wannan, firam ɗin da ke gaban 641 ɗaya ce tak, 257, ita kuwa 'yar layin Fermat ce, kuma za mu ga cewa 'yan layin ba sa tarayya da juna a komai. Ashe 641 ce ƙofar farko da ya kamata a ƙwanƙwasa. 641 biyar sau 128 ne da ɗaya. 6,700,417 kuma 52,347 sau 128 ne da ɗaya.

Abin da ke ɗaure kai shi ne Fermat ya san irin wannan dabara. A 1640 ya yi amfani da 'yar'uwarta ya fasa 2^37 − 1, wato 137,438,953,471, wadda ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Ya san masu raba ta sai sun kasance 74 sau wani abu da ɗaya, ya gwada, ya sami 223. To me ya hana shi samun 641? Wasu masana tarihin lissafi na zaton ya gwada ne ya yi tuntuɓe a rabawa, bai kuma sake komawa ba. Duk wanda ya taɓa doguwar rabawa da hannu ya san sifilin nan biyu da ke tsakiyar 6,700,417 irin wurin da ake zamewa ne.

Akwai wata hujjar da ba ta buƙatar doguwar rabawa ko kaɗan, kuma a ganina tana cikin mafi kyawun gajerun hujjoji a ilimin lambobi. 641 na da fuska biyu. Ta farko, 5 × 128 + 1. Ta biyu, 625 + 16, wato biyar guda huɗu a ninke da biyu guda huɗu a ninke. Fuskar farko na cewa, in muna lissafin saura bisa 641, to 5 × 2^7, wato 640, ya gaza 641 da ɗaya, don haka daidai yake da −1. Ninka wannan da kansa har guda huɗu, sai 5^4 × 2^28 ya zama daidai da 1. Fuska ta biyu na cewa 5^4 daidai yake da −2^4. Sa wannan a gurbin wancan, sai ka sami −2^32 daidai da 1, ma'ana 2^32 + 1 ba ya barin saura. Layi huɗu ke nan. In ka fahimci wannan, ka san dalilin da 641 ke raba lambar, ba wai kawai ka ga ta raba ba.

Da zarar an san 641 da 6,700,417, kuma an tabbatar dukkansu firam ne, sauran rabe-raben da shafukan nan ke jerowa sai su zubo da kansu. Masu raba ta huɗu ne kawai: 1, 641, 6,700,417, da ita kanta. Tana cikin ajin lambobin da firam biyu tak suka haifa, irin ajin da ake gina makullan sirri na RSA, wani tsarin ɓoye saƙo a kwamfuta, da su, sai dai na can suna da ɗaruruwan alƙaluma. Babu firam da ta shiga cikinta sau biyu, don haka babu wani murabba'i, wato lamba da aka ninka da kanta, sama da 1 da ke raba ta. Akwai kuma tsohon rabon da ya zo daga Girkawa, wanda Nicomachus ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya: a tara masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da lambar, cikakkiya ce, kamar 6 da 28. In ta zarce, mai yalwa ce, kamar 12. In ta gaza, mai naƙasa ce. Tamu in ka tara 1 da 641 da 6,700,417 za ka sami 6,701,059, bai kai kashi ɗaya cikin 640 nata ba. Mai naƙasa ce ƙwarai, dab da yadda firam ke kasancewa. Haka in ka ƙirga lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba, 640 sau 6,700,416 ne, wato 4,288,266,240. Kusan duk lamba 641 da ka ɗauka, 640 ba ruwansu da ita. Waɗannan duka gaskiya ne, amma magana ɗaya suke maimaitawa da baki daban-daban: ƙaramin mai raba ta ya yi nisa.

Wadda ta fi su daraja a wurina ita ce maganar murabba'i biyu. A fili yake cewa lambar 65,536 sau 65,536 ce da ɗaya, wato 65,536² + 1². Fermat ya faɗa, Euler kuma ya tabbatar daga baya, cewa duk firam da ke barin saura 1 in an raba ta da 4 ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu, kuma hanyar yin hakan ɗaya ce tak. 13 ita ce 9 da 4, ba wata hanya. 65 kuwa, da yake ba firam ba ce, tana da biyu: 64 da 1, ko 49 da 16. To ga tamu: 62,264² + 20,449². Na farkon 3,876,805,696 ne, na biyun 418,161,601, ka tara su ka gani. Hanya ta biyu ta samu, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa ba firam ba ce, ko da ba ka taɓa jin 641 ba.

Daga ina waɗannan lambobi suka fito? 641 ita ce 25² + 4². 6,700,417 ita ce 2,556² + 409². Akwai tsohuwar ƙa'ida, tun zamanin Diophantus aka san ta, Brahmagupta na Indiya ma ya yi aiki da ita, cewa in ka ninka jimillar murabba'i biyu da wata irinta, sakamakon ma jimillar murabba'i biyu ne, ta hanya biyu. Ninka 25 da 2,556 ka sami 63,900. Ninka 4 da 409 ka sami 1,636. Sai ka gicciya: 25 sau 409 ya ba da 10,225, 4 sau 2,556 ya ba da 10,224. Yanzu tara biyun farko, 65,536. Ɗebe biyun ƙarshe, 1. Ga hanyar farko. Juya: ɗebe biyun farko, 62,264, tara biyun ƙarshe, 20,449. Ga ta biyu. Dubi 10,225 da 10,224 ɗin nan, ɗaya ne tsakaninsu, kuma wannan ɗayan shi ne ainihin ɗayan da ke cikin 2^32 + 1. Na fi son wannan lissafi a kan duk wani abin da aka faɗa game da lambar, domin a nan ne siffarta ta waje da abin da ke cikinta suka haɗu a takarda guda.

Maganar jimillar alƙaluma 59 kuwa, da cewa ta ƙare da 7, da cewa 9 ta fito sau uku a cikinta, waɗannan na rubutun goma-goma ne. Canja tsarin rubutu su ɓace. A tsarin kwamfuta na sifili da ɗaya, lambar ita ce 1, sai sifili 31, sai 1, gurbi 33 ke nan, kuma ko ta dama ka karanta ko ta hagu abu ɗaya ne. A tsarin sha shida-sha shida 100000001 ce. A can ne take bayyana yadda take. Amma 641 na raba ta a kowane tsari aka rubuta, kuma wannan ne ma'aunin da nake bambance siffa mai nauyi da marar nauyi.

Maƙwabtanta ma abin dubawa ne. Wadda ke bayanta da ɗaya, 4,294,967,296, ita ce adadin lambobi daban-daban da gurbi 32 na kwamfuta ke iya ɗauka, kuma ita ce adadin adireshin intanet a tsohon tsarin IPv4, wanda ya yi wa duniya kaɗan har aka ƙirƙiro IPv6. Tamu ta haura wannan iyaka, gurbi 32 ba ya ɗaukarta. Wadda ke bayanta da biyu kuwa, 4,294,967,295, ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537. Bi ta a hankali: uku sau biyar 15, sau 17 ya zama 255, sau 257 ya zama 65,535, sau 65,537 ya kawo ka can. Kowane mataki ya gaza lambar Fermat ta gaba da biyu. Daga nan Goldbach ya ciro wani abu a 1730: in wata firam ta raba biyu daga cikin lambobin Fermat, dole ta raba bambancin nan na 2, alhali dukkansu mara ne. Saboda haka ba su da tarayya, kowace na zuwa da firam nata sababbi, kuma tun da layin ba ya ƙarewa, firam ma ba sa ƙarewa. Shi ya sa na ce ɗazu ba sai an gwada 257 ba. Firam na gaskiya mafi kusa da ita kuwa su ne 4,294,967,291 ta ƙasa da 4,294,967,311 ta sama.

Sai abin da ba wanda ya zata, shigar lambobin nan cikin zane. Tun zamanin Euclid ake zana siffa mai gefe uku daidai-wa-daida, da mai huɗu, da mai biyar, da mai sha biyar, da rula marar awo da kamfas kaɗai. Mai gefe bakwai ta gagara, mai tara ma haka. Aka yi kusan shekara dubu biyu ba ƙari, sai a 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika sha tara ba, ya nuna mai gefe 17 na zanuwa. Ƙa'idar da ya kawo, wadda Pierre Wantzel ya kammala ɗaya ɓangarenta a 1837, ita ce: siffar na zanuwa ne kawai in adadin gefenta ya fito daga ninka biyu-biyu da firam na Fermat mabambanta. An fitar da hanyar zana mai gefe 257 a 1832, wani Bajamushe kuma, Johann Hermes, ya kwashe kimanin shekara goma a kan mai gefe 65,537, rubutunsa na ajiye a jami'ar Göttingen. To dubi lambobi uku a jere. Mai gefe 4,294,967,295 na zanuwa, kuma ita ce mafi girman mara da aka san tana zanuwa. Mai gefe 4,294,967,296 na zanuwa, tun da rabawa biyu-biyu ce kawai. Mai gefe 4,294,967,297 ba ta zanuwa har abada, saboda 641 ba firam ta Fermat ba ce: 640 na da 5 a cikinta. Da zaton Fermat ya tabbata, da ita ma ta shiga sahu. Ba wanda zai taɓa zana ko ɗaya daga cikin ukun a takarda, ido ba zai bambance su da da'ira ba, amma an san hukuncin kowace tabbas, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake ƙaunar lissafi.

Bayan F5 labarin bai yi wa Fermat daɗi ba. F6, wato 18,446,744,073,709,551,617, ta rabu gida biyu, 274,177 sau 67,280,421,310,721. Fortuné Landry ya sanar da hakan a 1880 yana tsoho mai shekara tamanin da wani abu, kuma an gano Thomas Clausen ya riga shi tun 1855. A 1877 Théophile Pépin ya kawo gwajin da ke yanke hukunci kai tsaye a kan lambobin Fermat: a yadda ake yin sa yanzu, a fara da 3 a yi ta ninka saura da kansa, in an ƙare a kan lambar ban da ɗaya to firam ce, in ba haka ba ba ita ba ce. Ga tamu taki 31 ne, kuma yana ƙarewa a 10,324,303. Gwajin na gaya maka lamba ta rabu ba tare da ya nuna maka mai raba ta ba, shi ya sa F7 ta jira har 1970 kafin Morrison da Brillhart su fasa ta da kwamfuta, F8 sai 1980, F9 sai 1990. Daga F5 zuwa F11 an fasa su ƙurmus. F12 an ciro wasu daga cikin masu raba ta, ragowar ta ƙi. F20 da F24 an tabbatar ba firam ba ne, amma ba a sami ko firam ɗaya da ke raba su ba. Daga F5 har F32 babu firam ko guda, kuma yawancin masana yanzu sun karkata ga cewa biyar ɗin farko su ke nan, akasin abin da Fermat ya zata, kodayake wannan ma ba a kafa masa hujja ba. Ta farko da ba a yanke wa hukunci ba ita ce F33, mai alƙaluma sama da biliyan biyu da rabi.

Wanda ke son ya gwada hannunsa, ya ɗauki 274,177 ɗin nan na F6. Bisa ƙa'idar Lucas dole ta zama 256 sau wani abu da ɗaya. Cire ɗayan ka raba, za ka sami 1,071 ba saura. Sai ka yi wa 67,280,421,310,721 haka ita ma.